Kofin Madarar Keziah

Mashigin Wickett, Indiana
11 ga Mayu, 1987

Kaka Ozella,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar, yaya kaji? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarki da kewar duwatsunmu, don a nan ƙasa shimfiɗe take kamar faranti. Yaya Doyle da matarsa sun ba ni ɗakin da ke saman garejinsu, suna gaishe ki.

Kaka, na sami aiki. Kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe.

A wani tsohon gari ne na bakin kogi, wanda aka gyara ake shiga kallo. Mu ma'aikata muna shiga irin ta mutanen da suka zauna a garin a da, muna rayuwa kamar su a gaban baƙi. Dokarsu ɗaya ce: da ka wuce ƙofar katako, shekara ta koma 1836. Ba agogo, ba zif, ba jan baki. In jirgi ya wuce a sama, kai ba ka ji komai ba. Rannan wani baƙo ya tambaye ni wa ke mulkin ƙasa, saura ƙiris in faɗi na yanzu, sai Madam Lorraine ta taka mini ƙafa.

Madam Lorraine ce uwata a cikin wasan. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekararta tara a nan. A gaban baƙi sunanta Mama Tull, ko murya ba ta ɗagawa. A bayan rumbun ciyawa kuwa sigari na bin sigari. Ni sunana Keziah Tull, 'yarta, shekara sha takwas. Ba ƙirƙirarta aka yi ba, Kaka, ta taɓa zama a gidan da nake aikin. Aikina tatsar saniya, kaɗa madara, gasa gurasar masara, da ɗinkin bargon faci na aurena da za a yi a Afrilu mai zuwa.

Ranar gwaji mu biyar aka kai gaban saniyar, Dolly sunanta. Huɗun 'yan jami'a ne. Ta farko ta kama nonon kamar mai jan igiyar ƙararrawar coci, Dolly ta yi ƙwallo da bokitin. Ni na jingina goshina a cikinta yadda kika koya mini, madara ta zubo. Dakta Ostrander, shugaban wurin, ya zare tabarau ya ce, "A ina kika koyi wannan?" Na ce, "Yallaɓai, a wurin Kaka Ozella." Har ya rubuta sunanki a ɗan littafinsa.

Sun ɗauke mu duka na gwaji zuwa ƙarshen Oktoba. Daga nan mutum ɗaya za su riƙe. Kin san sau biyu ina fita neman aiki ina dawo miki da akwatina, na kamfanin kaji da na otal. Wannan karon ba na so in dawo haka. Nan ne wuri na farko da abin da na iya ya zama abin kirki a idon mutane.

Abu ɗaya ke damuna. Sun ba ni fayil a kan Keziah, shafi arba'in, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Kin san ni da karatu, a aji tara na tsaya, shi ma da ƙyar. Na kai shafi na huɗu. Madam Lorraine ta ce na gama? Na ce eh. Allah ya yafe mini.

Taki,
Arvella


Sang Branch, Kentucky
24 ga Mayu

Arvella ja'ira,

Takardarki ta zo ranar Talata. Na karanta ta sau uku a bakin taga, don idon nan na dama ya fara hazo. Ƙafa da sauƙi. Kaji lafiya, ban da jar nan da dila ya ɗauke.

To ke yanzu abin da na yi shekara goma ina bin ki da tsintsiya ki yi, shi ne kike yi da rawar jiki a gaban baƙi? Da na sani da na kafa ƙofa a bakin gonata na ajiye mai yanka tikiti. Ki gaya wa Daktan naki makarantar Ozella ba ta ba da takardar shaida, sai rankwashi.

Na ba matan coci labari. Matar fasto ta ce wai ba ƙarya ba ce mutum ya ce shi wani ne? Na ce mata ta tambayi wadda ta yi shekara bakwai tana fitowa Maryamu a wasan Kirsimeti. Ita ce kuwa da kanta.

Amma ki ji ni da kyau. Sunan mamaci ba rigar aro ba ce da za ki yar a ƙasa in an tashi. Yarinyar nan tana da uwar da ta raɗa mata shi. Ki riƙe shi da hannu biyu. Takardun kuma ki karanta, ko shafi ɗaya ne a rana. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ki dinga ɗumama hannu kafin ki taɓa saniyar. Kuma a ina take kiwo? Akwai kurmi kusa? Ki duba ki gaya mini.

Kakarki,
Ozella Napier


Mashigin Wickett
17 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa. Yaya idon? Ki daina wasa da shi, ki je a duba. Ni lafiya, sai zafi, ga riga uku a jiki. Dolly a filin gaba take kiwo, ba ta zuwa kurmi.

Ramin da kika ce na faɗa cikinsa jiya.

Kowace Alhamis ƙarfe huɗu Dakta yana lacca a tsohon cocin. Mutanen gari suna zuwa, yawanci tsofaffi, ana raba kofi da biskit. Mu ma'aikata a baya muke zama. Ta jiya a kan cututtukan mutanen da ce. Ya kunna majigi yana ta nuna hotuna, ni ina ta gyangyaɗi. Sai ga hoton dutsen kabari. Manyan haruffa dai ina iya karanta su da sauri. KEZIAH TULL. 10 ga Oktoba, 1836. Shekara 18.

Na juya wajen Madam Lorraine, tana ta cin biskit ɗinta. Na ce, "Mutuwa za ta yi?"

Ta ce, "'Yar nan, ai kowa na garin nan ya mutu, shekara ɗari da hamsin fa."

Na ce, "A'a, bana. Bana za ta mutu?"

Sai ta ajiye biskit ɗin. Ta ce, "Ba ki karanta fayil ɗin ba ko? Shafi na talatin da ɗaya. Wayyo Arvella."

Kaka, wata biyu ina gaya wa yara zan yi aure a Afrilu. Ina baje musu bargon ina cewa nan zan sa shuɗi in na sami ƙyalle. Kowa ya sani ban da ni. Madam Lorraine ta ce ashe shi ya sa. Wai a shekara tara ba ta taɓa samun Keziah mai fara'a irina ba, na baya duk tun Mayu suke tafiya kamar masu rakiyar gawa.

Kin san abin da ya kashe ta? Ciwon madara. In aka yi fari, saniya ta shiga kurmi ta ci wata ciyawa, dafin ya bi madarar. Da Dakta ya sa hoton ciyawar nan take na gane ta. Saiwar maciji ce, Kaka! Mai farin furen nan, wadda kike sa ni tugewa a bakin rafi duk shekara ki ƙone, ba ki taɓa ba ni dalili ba sai "ba a barinta." Dakta ya ce a garin nan a lokacin ba wanda ya sani. Wasu sun ce raɓa ce, wasu ruwan rijiya, wasu mayu. Kuma tana nan a bayan shingen gidan Tull, da gangan aka bar ta saboda lacca.

Ranar 10 ga Oktoba shi ne babban taronsu na shekara. Da safe lacca, da rana Mama Tull ta miƙo mini kofin madara in sha a gaban jama'a, sai kwanciya, da la'asar jana'iza. Madarar ta kanti ce, ba abin da zai same ni. Amma ita fa? Yaya zan ɗauka in sha ina murmushi alhali na sani?

Ki ba ni amsa da wuri.

Arvella


Mashigin Wickett
21 ga Agusta

Kaka,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan ba takardarki. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙun Yaya Doyle, har matarsa ta fara tsokanata wai saurayi ne. In fushi kike saboda ƙaryar da na yi, kin yi daidai. Amma ki rubuto ko zagi ne.

Na ƙara wani laifin.

Ranar Asabar ciyawar ta yi fure, fari fat, ta leƙo ta tsakanin shinge. Ina kaɗa madara a tsakar gida, baƙi kusan ashirin suna kallo. Idona ya kasa barinta. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsallaka shingen da rigar Keziah, na fara tugewa. Wata mata ta ce, "Me kike yi, Keziah?" Na ɗaga mata na ce, "Wannan ce ke kashe mutane. Saniya ta ci, mu sha madarar." Har tafi suka yi mini.

Madam Lorraine ta fito daga ɗaki da muryar Mama Tull ta ce, "Keziah, rana ta taɓa miki kai, shigo ciki." Da muka shiga ta canza murya ta ce, "Ke, kin haukace ne? Ga Dakta can a bakin rijiya."

Ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya ce, "Zauna, Arvella. Wa ya gaya wa Keziah?"

Na ce, "Ni na sani, Yallaɓai."

Ya ce, "Ke kin sani. Ita da ta sani, da ba ta ƙarƙashin wancan dutsen. Mutum ashirin sun tafi gida yau da labarin da bai faru ba."

Na ce, "To ba gara su san ciyawar ba?"

Ya ce, "Akwai Alhamis don haka." Ya ce hannuna ya fi na kowa a wurin, amma in na sake fita daga 1836 a gaban baƙi, ba zai iya riƙe ni ba.

Na kasa gane wannan abin, Kaka. Ke kika koya mini in ka ga mutum zai taka maciji ka yi magana. Ni karatuna ba shi da yawa, ɗan abin da na sani ke nan, shi ma an ce in yi kamar ban sani ba. Yanzu in yara suka tambaye ni bikina sai in kau da zancen. Madam Lorraine ta ce ni ma na koma mai rakiyar gawa.

Arvella


Sang Branch
3 ga Satumba

Arvella,

Matar fasto ce ke rubuta mini wannan. Ina lafiya. Takardunki biyu sun zo, an karanta mini. In abin ya fi ƙarfinki ki dawo gida, gadonki yana nan a gyare. Sauran magana sai gaba.

Ozella Napier


Mashigin Wickett
9 ga Satumba

Kaka,

Ina gaisuwa. Na ga takardarki. Layi uku, su ma da hannun wata.

Wato gadona a gyare yake. Ashe tun ranar da na tafi kin san zan dawo, kamar na kaji, kamar na otal. Har matar fasto ma yanzu ta sani, gobe duk cocin sun ji. Na zaci ko kowa ya ce ba zan iya ba, ke ba za ki ce ba.

To shi ke nan, zan dawo. Amma ba zan sulale ba. Na yanke shawara. Ranar 10 ga Oktoba, in Mama Tull ta miƙo mini kofin, zan karɓa in zubar a ƙasa a gaban kowa, in faɗi dalili. Shekara tara suna kashe yarinyar nan duk Oktoba. Sau ɗaya dai a bar ta ta kai Afrilu. Dakta ya kore ni a nan take, ban damu ba. Ke kika ce in riƙe sunanta da hannu biyu, iyakar riƙon da na iya ke nan.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki ce wa Yaya Coy ya zo ya ɗauke ni a tashar bas ranar Litinin ɗin da ke biye.

Arvella


Sang Branch
27 ga Satumba

Arvella, 'yar nema mai saurin fushi,

Wannan hannuna ne, kin ga yadda layin ke hawa dutse yana gangarowa. Aiki aka yi mini a ido a watan Yuli, aka ɗaure shi, aka hana ni karatu da rubutu. Ban gaya miki ba don na san za ki baro aikin ki taho. Yanzu ina gani har ƙurar da kika bari a saman kabad.

Layi uku na ba matar fasto don abin da zan faɗa miki ba na bakin matar fasto ba ne. Gado kuwa, ko shugabar ƙasa kika zama a gyare zai zauna. Wawiya.

Yanzu ki zauna ki karanta a hankali, kada ki tsaya a shafi na huɗu.

Kin san ni da yayana mu biyu ne a wurin iyayenmu. Mu uku ne. Akwai Delphia, ƙanwarmu. A 1919 ina da shekara goma, tana da shida. An yi fari, ciyawa ta ƙone, Baba ya saki saniyarmu cikin kurmi. Ni ce mai tatsa. Delphia tana son madara da ɗuminta, kullum tana tsaye a bayana da kofin kwano, ni kuma in cika mata kafin in kai gida, a ɓoye, don ina sonta. Ranar Laraba ta fara amai. Ranar Lahadi aka binne ta a bayan lambun tuffa. Ba dutse, ba mu da halinsa. Saniyar ma ta yi ta karkarwa ta mutu. Mutane suka ce iskar kwari ce.

Bayan shekara goma sha biyu wani malamin gona ya zo makarantarmu ya yi lacca, irin ta Daktanki. Ni da Mama muna benci na biyu. Ya zaro ciyawar daga jaka ya ɗaga. Mama ta miƙe ta fita. Na same ta a bakin rafi tana tugewa, hannunta duk jini. Ni kuwa na tsaya ina tuna kofin.

Dalilin "ba a barinta" ke nan.

Shekara sittin da takwas, Arvella, abu ɗaya ne ya riƙe ni a tsaye: ban sani ba. Mama ba ta sani ba. Ba sakaci ba ne, ba wauta ba ce. In dare ya yi tsawo wannan nake maimaitawa.

Ke yanzu kina so ki tsaya a gaban jama'a ki zubar da kofin. Keziah ba za ta kai Afrilu ba, ko kogi kika zubar. Abin da za ki yi kawai shi ne ki nuna wa mutane dubu cewa ana iya sani, uwarta ce ba ta kula ba. Ki ƙwace wa matar nan abu ɗaya da ya rage mata. Ni ma ki ƙwace mini.

Daktanki ya faɗi gaskiya, bai dai iya faɗa ba ne, don shi a littafi ya gani.

Ki karɓi kofin yadda Delphia take karɓa, da hannu biyu, tana murna. Ki yi maganar bikinki. Ki bar sanin ga masu kallo, su ya kamata ya yi wa nauyi, don su ne ke da sauran lokacin tuge ciyawa.

In bayan wannan har yanzu kina son zubarwa, ki zubar, Coy zai je tasha. Ban dai gaya masa ba tukuna.

Kakarki,
Ozella


Mashigin Wickett
30 ga Oktoba

Kakata,

Gaisuwa da neman gafara. Yaya idon? Na ji kunyar takardar da na aiko miki, ki sa ta a murhu. Na jira sai da aka yanke magana kafin in rubuto, don kada in ba ki rabin labari.

Takardarki sau shida na karanta. Ban nuna wa kowa ba. Madam Lorraine kaɗai na ba labarin a bayan rumbu, ta bar sigarinta ya cinye a hannu ba ta zuƙa ba.

Ranar ta zo, mutane har kan shinge. Duk sun fito daga laccar safe, sun ga dutsen, sun ga ciyawar. Na shigo da bokiti ina waƙa. Na baje bargon na ce wa Mama Tull na sami shuɗin ƙyallen, saura layi biyu. Ta ce, "Ke dai ba ki da zance sai Afrilu. Zauna ki karya." Ta zuba madarar a kofi ta miƙo.

Na sa hannu biyu na karɓa.

Sai wani ƙaton mutum a baya, mai gemu da hular direbobin manyan motoci, ya daka tsawa: "Kada ki sha!"

Matarsa ta ja masa riga. Ba wanda ya yi dariya. Ga dama ta zo har gida, in na zubar yanzu ma sai a ce shi ya jawo. Sai na ga Delphia tsaye a bayanki da kofin kwano.

Na dube shi na yi murmushi na ce, "Don me, bawan Allah? Madarar saniyarmu ce, da hannuna na tatso, har yanzu da ɗuminta. In zubo maka ne?"

Na shanye.

Sauran ban gani sosai ba, ina kwance ido rufe. Na dai ji Mama Tull tana cewa, "Me na ba ta? Ba abin da ta ci sai abin da muka ci." Shekara tara tana faɗin wannan layin, ta ce ranar ce ta fara jin sa. Da la'asar suka ɗauki akwatin, buhun yashi ne a ciki, ni kuma na fita ta baya na sa wandona da rigata.

A wajen ƙofa, inda ake ajiye motoci, na ga mutumin yana jingine da motarsa. Da ya gane ni fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yammata, na ɓata muku wasa. Ban san ya fita ba."

Na ce, "Yallaɓai, na gode da ka yi ihun."

Ya ce yana da shanu shida da kurmi a bayan gida, hoton majigi kuwa bai gane shi ba. Na ce ya biyo ni. A bakin kwalbati akwai ta, ta fara bushewa. Na tuge na nuna masa ganyen da saiwar, yadda kika nuna mini. Kafin in ɗago mutum talatin sun kewaye mu. Can na hango Dakta a bakin ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, an kore ni, sai tashar bas.

Ya taho ya tsaya. Ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya ce, "Nan waje 1987 ce, Arvella. Ci gaba, ni ma ban taɓa ganin saiwar ba."

Jiya ya kira ni. Ni za su riƙe, Kaka. Ya ce baɗi bayan jana'iza zan tsaya a wajen ƙofa da sunana in nuna ciyawar, a cikin shiri. Ina so in roƙe ki abu ɗaya. In kin yarda, a wurin zan ambaci sunan Delphia. In ba ki yarda ba, ba zai fita bakina ba.

Fayil ɗin na kai shafi na arba'in. Mama Tull ta yi shekara talatin da ɗaya bayan 'yarta, ba ta taɓa sanin dalili ba.

An rufe garin sai Afrilu. Ranar da za a buɗe, shekara za ta koma 1836, Keziah ta tashi da bargonta rabin ɗinki. Aikina na farko na hunturu shi ne in warware abin da na ɗinka. Na fara yau. Shuɗin na ajiye mata shi a aljihun rigar.

Zan zo Kirsimeti, ba da akwati ba, da 'yar jaka.

Taki,
Arvella


Sang Branch
8 ga Nuwamba

Arvella,

Ido lafiya, ƙafa lafiya. Takardar da kika ce in ƙone na ajiye ta, zan dinga karanta miki in kin yi girman kai.

Ki faɗi sunan. Delphia Mae Napier, shekara shida. Ki faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji, tunda dutse ba ta samu ba.

Mutumin nan mai gemu kuma, in ya sake zuwa, ki gaishe mini da shi. Shekara sittin da takwas ina jiran wani ya daka wannan tsawar. Ki ce masa ta iso Sang Branch.

Ki taho da safar hannu. Akwai sauran saiwar maciji a bakin rafi, bana idona bai bar ni ba.

Kakarki,
Ozella